Lamba 38: abin da gyaran manazarta ya tono a wata maƙalar hoton haƙori

Bayan sallar isha'i ta shigo gidana a Mabera, kwamfuta rungume a ƙirji. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kawu, 'yan mujalla sun maido maƙalata."

"Mi sunka ce?"

"Ba su ma karanta ba. Wai manazarta ba ta bi tsarinsu ba. Aikin awa ɗaya ne, don Allah ka duba mini."

Ɗiyar ƙanwata ce, likitar haƙori a wani asibiti nan cikin Sakkwato. Ni kuwa na daɗe ina aiki a ɗakin karatu na ɗaliban likitanci kafin in aje aiki, saboda haka duk wanda waƙafi da aya suka dagula wa lissafi a dangi, ƙofata yake bugawa. Watan Afrilu ne, irin zafin da ke fito da kowa tsakar gida, kuma nefa ta ɗauke tun la'asar. Na shimfiɗa tabarma, na jona fanka a batirin sola, muka buɗe kwamfutar. Dare shida muka yi a kan tabarmar nan.

Binciken nata a kan turmin ƙarshe ne na muƙamuƙin ƙasa, wanda wasu ke kira haƙorin hankali. Shi ne ke fitowa bayan mutum ya balaga, kuma sau da yawa ba ya samun wuri, sai ya maƙale a cikin ƙashi, wani a tsaye, wani a karkace, wani a kwance ya tokari na gabansa. Ta tattara hotunan OPG na majinyatan da suka zo asibitinsu, wato hoton nan da inji ke kewaya kan mutum ya fito da haƙora duka da muƙamuƙi sama da ƙasa a shimfiɗe wuri ɗaya. Abin da take aunawa shi ne yadda haƙorin ya kwanta, da kusancin saiwarsa da kwararon da jijiya ke bi a cikin ƙashi. Jijiyar nan ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. In aka raunata ta wajen cire haƙori, mutum na iya shafe watanni leɓensa kamar ba nasa ba, wani ma abin ya zauna masa ke nan.

Da farko kundin digiri na biyu ta rubuta, inda makaranta ta ce a bi tsarin APA: sunan marubuci da shekara a cikin magana, a ƙarshe kuma a jera manazarta bisa abacada. Daga baya ta taƙaita kundin ya zama maƙala, ta tura wa wata mujallar ƙasar waje da ta keɓanta da hotunan haƙori da muƙamuƙi da fuska. Kwana uku aka maido ta. Ba edita ne ya rubuto ba, ofishinsa ne, masu duba siffar takarda kafin ta kai ga masana. Saƙon bai wuce layi huɗu ba: lambobin madogara su bi juna yadda suka fara bayyana, a gajarta sunayen mujallu yadda NLM, ɗakin karatun likitanci na Amurka, ke yi, a tsaya kan marubuta shida, sannan a cire sunan majinyaci daga hoto na biyu. Wannan na ƙarshen ya ba ta kunya ƙwarai. Baƙin akwati ta ɗora a kan sunan a cikin Word, ba ta san duk wanda ya ja akwatin gefe zai ga abin da ke ƙarƙashi ba. Muka yanke kusurwar daga ainihin hoton, aka wuce wurin.

Da na karanta jimlar farko ta gabatarwa sai da na yi dariya. Ƙarshenta ga lamba 38 a maƙale. Maƙalar da ke bin tsarin lamba dole madogararta ta farko ta zama 1, duk mai ido zai gane an yi kuskure tun bai kai layi na biyu ba. Ashe wani yaro ta ba a shagon kwamfuta ya mayar mata da tsarin. Shi kuma ya samu jeri na abacada mai guda 41, ya liƙa masa lamba daga sama har ƙasa, ya koma cikin rubutu yana cire suna yana sa lamba. Jimlar farko tana maganar rabe-raben da George Winter ya yi wa kwanciyar haƙorin a 1926, harafin W kuwa can ƙasan jeri yake, shi ya sa ya faɗa a 38. Ban ga laifin yaron ba. Kuɗin bugu aka biya shi, kuma ya buga.

Tsarin da mujallar ke so shi ne na Vancouver, ko Bankuba yadda bakinmu ya saba. Sunan gari ne a Kanada, inda wasu editocin mujallun likitanci suka zauna a 1978 don su daidaita yadda za a riƙa turo musu rubutu, ƙa'idojinsu na farko suka fito a 1979. Wannan zaman ne ya girma ya zama kwamitin da ake kira ICMJE. Siffar rubuta kowace madogara kuwa sun jingina ta ne ga NLM, babban ɗakin karatun likitanci na Amurka, mai kula da PubMed, rumbun maƙalolin likitanci a intanet. Hikimar tsarin ita ce kada sunaye su cika wa mai karatu ido. Likita na son ya bi magana a guje, in ya so tabbatarwa sai ya bi lamba zuwa ƙasa. Amma akwai abin da na lura da shi tun ina bakin aiki: lamba tana ɓoye kuskure fiye da suna. In ka rubuta "Winter, 1926" a bayan maganar da ba ta Winter ba ce, duk wanda ya san fannin zai ɗaga gira. In ka sa 7 inda ya kamata ka sa 8, ba mai gani sai wanda ya sauka ƙasa ya duba, kuma kaɗan ne ke sauka.

Sai kuma nawa kuskuren, don ba zan ba da labarin na kowa in ɓoye nawa ba. Na ce mata abu ne mai sauƙi. Na ɗauki takarda na rubuta tsohuwar lamba da sabuwa gefe da gefe, na kira umarnin nan na Word mai nemo abu ya musanya shi da wani, na ce duk inda ya ga 38 ya mai da shi 1. Ya amsa cewa ya canza wuri goma sha bakwai. Winter sau biyu kaɗai aka ambace shi a maƙalar, da na tsaya na yi tunani da na gane ruwa ba ya tsami banza. Ban tsaya ba. Na ci gaba da na biyu da na uku, ina adanawa, ina jin daɗin kaina. Ita ce ta leƙo ta kama hannuna.

"Kawu, tsaya. Ina haƙorana sunka tafi?"

Abin da ban kawo a rai ba shi ne likitocin haƙori da lamba suke kiran haƙori. A tsarin FDI, wanda ake koyarwa a nan, an raba baki kashi huɗu, lambar farko ta nuna kashin, ta biyu ta nuna haƙori na nawa ne daga tsakiya. Turmin ƙarshe na ƙasa ta hagu shi ne 38, ana karanta shi uku-takwas, na dama kuma 48. Wato rabin abin da ta yi bincike a kai sunansa 38. Na mai da shi 1 a jadawali biyu da ƙarƙashin hotuna. Abin da ya fi muni, 1 ɗin ma haƙori ne na gaske a tsarin Amurkawa mai ƙirga daga 1 zuwa 32: turmin ƙarshe na sama ta dama. Da ta tura haka, mai tantancewa zai ɗauka ba ta san sama da ƙasa ba. Wani majinyaci mai shekara 38 kuma ya koma jariri ɗan shekara ɗaya mai haƙorin hankali. Garin neman gira na kusa rasa mata ido. Allah ya sa ta taɓa tura wa Farfesanta kwafi ta imel, daga can muka sauko da shi.

Washegari na sauko daga kan girman kai, muka ɗora Zotero. Manhaja ce ta kyauta, kana ba ta lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ko lambar PMID ta PubMed, ta ɗebo suna da shekara da shafi da kanta, ta shiga cikin Word ta riƙa sa lamba tana gyara jeri duk lokacin da ka ƙara ko ka cire. Mendeley da EndNote ma haka suke yi. Sai na kafa sharaɗi ɗaya, wanda ta yi ta gunaguni a kai: babu madogarar da za ta shiga sabon jeri sai mun buɗe ta mun gani da ido, mun nemo jimlar da aka jingina mata. Na kafa shi ne don tsoron sake yin abin kunya, ban yi zaton zai tono komai ba.

Dare biyu na farko ƙananan abubuwa ne. A APA shekara na biye da sunan marubuci, ana sa aya bayan kowane harafin suna, ana rubuta sunan mujalla cikakke. A Bankuba haruffan suna a manne suke babu aya, shekara na zuwa bayan sunan mujalla, sai waƙafi mai ruwa, lambar kundi, ruwa biyu, shafuka, kuma ana datse lambar shafin ƙarshe, kamar 20-5 maimakon 20-25. Bugu na bakwai na APA, na 2019, ya yarda a jera marubuta har 20, kuma ya daina neman garin da aka buga littafi. Mujallarmu shida take so sai "et al.", wato "da sauransu", garin bugu kuma dole ne, don haka sai da muka bi littattafai ɗaya bayan ɗaya muna neman inda aka buga su. A nan ne mutane ke ruɗewa, suna zaton Bankuba ɗaya ce. Gida ɗaya ne mai ɗakuna da yawa. Tsarin AMA na ƙungiyar likitocin Amurka ma lamba yake sawa, amma in marubuta sun haura shida, uku kaɗai yake ambata. Wata mujallar a saman layi take son lamba, wata cikin baka biyu, wata na son lambar fitowa, wata ba ta so. Abin da ya raba mana gardama shi ne mun buɗe maƙaloli biyu da mujallar ta buga kwanan nan muka ajiye kusa da umarninta ga marubuta.

Gajarta sunan mujalla ba da ka ake yi ba, akwai kundin NLM a intanet da ake dubawa. Dentomaxillofacial Radiology ita ce Dentomaxillofac Radiol, ta Koriya ta Kudu, Imaging Science in Dentistry, ita ce Imaging Sci Dent. Wadda ta fi ba mu wahala wata tsohuwar mujallar Amurka ce da ta sha sauya suna. Har zuwa 1994 Oral Surg Oral Med Oral Pathol ce. Daga 1995 aka ƙara mata Oral Radiol Endod. Daga 2012 aka yar da Endod ɗin. Ɗiyata ta ambace ta sau biyar, duka da sunanta na yau, alhali uku daga ciki sun fito ne lokacin tana da wutsiyar Endod. Ana kiran mujalla da sunan da take ɗauke da shi ranar da maƙalar ta fito, in ba haka ba mai nema zai je wani kundi daban. Dentomaxillofac Radiol kuma akwai shekarun da take ba maƙala doguwar lamba mai guda takwas a madadin shafi. Wata lambar ta fara da 2014, yaron shago ya ɗauka shekara ce ya rubuta, maƙalar kuwa a kundi na 44 take, na 2015. Sannan mun tarar an haɗe madogara biyu an yi ɗaya a wurin da take ba da tarihin CBCT, injin da ke ɗaukar hoton da ake juyawa a duba ƙashi ta kowace fuska. Mozzo da abokan aikinsa daga Italiya sun buga nasu a European Radiology a 1998, Arai da nasa daga Jafan a Dentomaxillofacial Radiology a 1999. A jerinta sunayen Arai ne da shekarar Mozzo.

Sunayenmu na gida ma sun sha wuya. An gina tsarin ne a kan mutanen da ke da sunan iyali ɗaya tilo. Mu kuwa mutum na da na yanka, da na uba, wani ya ƙara da na gari, Wurno ko Gwadabawa ko Tambuwal, kuma ba lallai ya jera su iri ɗaya a kowace takarda ba. Wani marubuci ɗan arewa ya fito a jerinta da fuska biyu, a ɗaya sunan ubansa ne a gaba, a ɗayar sunan garinsu, ta ɗauka mutum biyu ne. Ba mu gyara masa ba, don ana rubuta suna yadda ya fito a maƙalar ne, amma a daren na sa ta buɗe ORCID, lambar shaida ta kyauta da ke bin mai bincike duk yadda aka juya sunansa, na kuma ce ta zaɓi siffa ɗaya ta sunanta tun yanzu ta riƙe.

A dare na uku ne lamarin ya sauya fuska. Akwai wata sananniyar maƙala ta Rood da Shehab, wadda ta fito a 1990 a mujallar tiyatar baki da muƙamuƙi ta Birtaniya, kundi na 28, shafi 20-5. Kusan duk mai rubutu a kan wannan haƙori yana ambaton ta. Ɗiyata ta rubuta cewa sun nuna alamomi bakwai a hoto da ke nuna za a iya raunata jijiya, ta sa musu lamba. Muka buɗe maƙalar. Alamomi bakwai suka duba, gaskiya ne. Amma waɗanda suka samu suna da alaƙa mai ƙarfi da raunin jijiya uku ne: saiwar haƙori ta yi duhu a inda ta gitta kwararon, farin layin da ke gefen kwararon ya yanke, ko kwararon ya kauce daga hanyarsa. Bambancin ba ƙarami ba ne a wajenta, domin a jadawalinta duk hoton da ya nuna ko da ɗaya daga cikin bakwai ɗin ta sa shi a rukunin masu haɗari, ta ce bisa ga Rood da Shehab.

"Kin taɓa karanta ta?"

Ta ɗan yi jim. "A wata maƙala nig gani, Kawu. Kowa haka yake rubutawa."

Ban yi mata faɗa ba, don na san yadda abin yake. Data na tsada, maƙaloli da yawa a kulle suke sai an biya, ga aikin asibiti ga gida. Amma na tambaye ta ko ta tuna abin da malaman hadisi ke kiran mutumin da ya ce "daga wane" alhali bai ji daga bakinsa ba, ya ɓoye wanda ya gaya masa. Ta ce tadlisi. To abin da ta yi ke nan, ba da nufi ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaranmu na ɗaukar kafa madogara a matsayin al'adar Turawa da aka ɗora musu, a garin da ya fi ko'ina sanin wannan aiki. Duk wanda ya zauna gaban malami ana karanta littattafan Shehu Usmanu ya san yadda yake yi: wane ya ce a littafi kaza, ya kawo maganar, in ta ƙare ya rubuta "intaha", don ka san inda bakin mai magana ya tsaya nasa ya fara. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu littafi sukutum ya rubuta don jera malaman da ya ɗauki karatu wurinsu. A zaure har gobe in ka kawo mas'ala, tambayar farko ita ce a wane littafi ka gani. Lambar da ke ƙarshen jimla amsar wannan tambayar ce. Ta koma ta raba jadawalin gida biyu, alamomi ukun daban, sauran huɗun daban, kuma ni a ganina jadawalin ya fi na da ma'ana nesa ba kusa ba.

Winter, wanda ya jawo mana 38, shi ma bai tsira ba. A jerinta an ba shi sunan mujalla da lambar kundi, alhali aikinsa na 1926 littafi ne da aka buga a St. Louis ta Amurka. Rabe-raben Pell da Gregory kuwa maƙala ce ta 1933 a Dental Digest. Ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba, a littafin koyar da tiyatar baki ta koye su kamar kowa. Na ce ta jingina ga littafin da ta karanta. Da Farfesanta ya ji sai ya kira ni, don mun san juna tun ina ɗakin karatu.

"Malam, duk duniya Winter 1926 ake rubutawa. In ta cire, masu tantancewa za su ce ba ta san tushe ba."

"Haka ne, Farfesa. Amma in ta bari, ta ce ta sha daga rijiyar da ba ta taɓa leƙawa ba."

Yana da hujja, kuma na faɗa masa. ICMJE da kanta ta fi son a koma ga asalin bincike duk inda hali ya yi, domin mai taƙaitawa na iya karkatar da magana, kuma mun ga hakan da idonmu a kan Rood da Shehab. Sai dai ita ICMJE ɗin ta kuma ce a tabbatar da kowace madogara, ko ta rumbu irin PubMed ko ta ainihin takardar. Inda aka tsaya shi ne wata ƙawarta da ke karatu a Ingila ta samo mana hoton shafukan Pell da Gregory ta ɗakin karatunsu, ta karanta, suka shiga jeri da haƙƙinsu. Winter bai zo hannu ba. Sunansa da shekararsa suka zauna a cikin jimla, lambar kuma ta nuna babin littafin da ta karanta. Farfesa ya sa hannu, amma bai gamsu ba, kuma duk lokacin da muka haɗu a masallacin Juma'a sai ya tsokane ni da Winter.

Na bar mafi nauyi ƙarshe. Ɗaya daga cikin abokan rubutunta, wanda ya girme ta a aiki, ya taɓa turo mata madogara uku ta WhatsApp ya ce ta ƙarfafa sashen tattaunawa da su. Biyu suka buɗe lafiya. Ta ukun Zotero ta ce ba ta san ta ba. Muka liƙa DOI ɗin a doi.org, aka ce babu shi. PubMed babu. Muka je shafin mujallar, don mujallar ta gaske ce, muka buɗe kundin da aka ambata, shafukan nan wata maƙala ce daban a kan wani ciwo daban. Ga shi kuwa madogarar ta fi kowace kyan gani a jerin, waƙafi a wurinsa, aya a wurinta, sunayen marubuta irin na gida. Na taɓa ganin kuskuren shafi da na shekara ba iyaka, amma madogarar da komai nata ya yi daidai sai dai babu ita, wannan sabon ciwo ne.

Matsalar ba ta kwamfuta ba ce yanzu, ta mutunci ce. Ƙaramar likita ba ta iya ce wa na gaba da ita ya turo ƙarya. Ta rubuta saƙo ta goge sau uku. Na ce kada ta zargi kowa, ta roƙa kawai. Ta rubuta: "Ranka shi daɗe, barka da dare. Na kasa samun kwafin ta ukun nan, ko za a taimaka mini da ita in karanta?" Kwana biyu shiru. Rana ta uku ya amsa da kalma huɗu, ta cire ta kawai. Bayan an kwana biyu da bakinsa ya gaya mata, yana dariyar jin kunya, cewa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ya tambaya, ita ta ba shi, bai duba ba. Irin waɗannan manhajoji suna harhaɗa abin da ya yi kama da madogara ne, sun san siffarta sarai, shi ya sa tasu ke fitowa tsaf.

Cirewar ba ta zo da sauƙi ba. Madogarar nan ita ke ɗauke da wani adadi na yawan maƙalewar haƙorin a arewacin Nijeriya, kuma a kansa ta gina sakin layin da ta fi alfahari da shi, inda take kwatanta abin da ta samu a Sakkwato da na maƙwabta. Da adadin ya tafi, sakin layin ba shi da ƙafar tsayawa. Ta daɗe tana kallon allon, ta ce ko za a bar maganar a cire lambar kawai. Na ce to wa ya faɗa? Ta goge shi da hannunta, ta rufe kwamfutar, ranar ko shayin da aka kawo mata ba ta sha ba.

Sauran gyaran bai ɗauki lokaci ba. Wata magana da ta ji daga bakin wani babban likita ta fita daga jeri, don abin da ba a buga ba ba ya samun lamba, ana ambatonsa ne a cikin jimla da sunan mai shi da lokacin, bayan an nemi izininsa a rubuce. Madogara biyu da ba su fito ko'ina ba sai a jadawali suka karɓi lambarsu daidai inda aka fara ambaton jadawalin a rubutu, yadda ƙa'ida ta ce. Zotero na da alamar ja da take sa wa maƙalar da aka janye, ba ta sa wa ko ɗaya ba. Daga 41 jerin ya dawo 36. Na sa ta karanta mini lambobin da ƙarfi daga gabatarwa har ƙarshe, ni kuma ina bin jeri da yatsa, kamar ana muraja'a.

Wannan karon ofishin bai maido ta ba, ta wuce wajen masu tantancewa. Bayan makonni suka turo nasu gyare-gyaren, masu yawa, kuma yawanci a kan yadda ta auna hotuna ne, wanda ba fannina ba ne. Ɗaya dai ya shafe ni: mai tantancewa na biyu ya ce ta ƙara madogara biyu a sakin layi na farko, wato duk lambobin da ke ƙasa sai sun matsa. Ta kira ni da dare daga asibiti, tana bakin aiki, ina jin ƙarar janareta a bayanta.

"Kawu, na karanta su duka biyun, na saka. Jerin ya gyara kansa."

"Nawa ya zama?"

Ta yi dariya har sai da na janye wayar daga kunne. "38."

Na ce ta buɗe jadawali ta duba mini haƙoran tukuna. Ta duba, suna nan, 38 a hagu, 48 a dama.